Ɗauri da Kwance a Cikin Farar Ƙwayar Jini: Bahasi a Kan Enzayim Masu Isar da Saƙo a Lokacin Kumburi

 

Ina so in fara da abin da babu wanda bai sani ba a cikinmu, wato ƙaya. Duk wanda ya taɓa taka ƙayar aduwa yana yaro, kanta ya karye a tafin ƙafarsa, aka rasa mai cire ta a ranar, ya san abin da ke biyo baya: kafin gari ya waye wurin ya tashi, ya ɗauki zafi, ya yi ja, yana zogi har bugun jini ana jinsa a ciki, bayan kwana biyu ko uku kuma ya nuna ya tara mugunya, kaka ta zo da allura ta huda ta matse, guntun ƙayar ya fito a cikin ruwan. Magabata sun siffanta wannan hali tun da daɗewa. Wani marubucin Rumawa mai suna Celsus, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya, ya ƙididdige masa alamomi huɗu, ja da tashi da zafi da ciwo; Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon tafsili a cikin Alƙanun a kan nau'o'in kumburi, ya rarrabe mai zafi da mai sanyi.

A kan wannan zahiri aka tsaya ɗaruruwan shekaru, har zuwa 1867, lokacin da wani likita Bajamushe, Julius Cohnheim, ya shimfiɗa tantanin hanjin kwaɗo mai rai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zauna yana kallo sa'a bayan sa'a, ya ga hanyoyin jini sun buɗe, gudun jinin ya lafa, fararen ƙwayoyi sun ratse gefe sun jeru a jikin bango, sa'an nan suka riƙa keta bangon ɗaya bayan ɗaya suna fita cikin nama. A 1882 kuma, a garin Mesina na ƙasar Italiya, Élie Metchnikoff ya soka ƙayar wardi a jikin jaririn tauraron teku, wanda garai yake kamar ruwa har ana ganin cikinsa, ya bar shi ya kwana, da gari ya waye ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya; daga nan ya yi istidlali cewa kumburi ɗauki ne da jiki ke kai wa kansa, kuma a kan wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Amma mas'alar da su biyun suka bar mana ba su warware ba ita ce wannan: ƙwayar da ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta da ƙwaƙwalwa, wa ke gaya mata inda za ta tsaya, da inda za ta nufa, da lokacin zare takobi, da lokacin mayar da shi kube? Ra'ayin da zan kare a gabanku shi ne cewa ana yanke wannan hukunci ne a cikin ƙwayar kanta, ta hannun enzayim iri biyu, masu ɗaurawa da masu kwancewa, kuma cewa mu masu bincike mun karkata ga masu ɗaurawa mun tauye haƙƙin masu kwancewa, alhali warkewar mai ƙaya a ƙafa a hannunsu take.

Fararen ƙwayoyin jini dangi-dangi ne, lokacin da aka ba ni kuwa ba zai ishe su duka ba. Saboda haka zan taƙaita a kan wadda ake kira nutrofil, domin ita ce mafi yawa, tana kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke jinin baligi, ita ce farkon isa wurin rauni, gawarwakinta ne kuma mafi yawan mugunyar da muka ambata. Ɓargon mutum ɗaya yana fitar da kimanin biliyan 100 na wannan ƙwaya kowace rana, kowacce ɗauke da jakunkunan guba masu iya narkar da nama. To, wanda ya yi tunani a kan rundunar da ta kai wannan yawa tana ratsa huhu da ƙoda da hanta dare da rana da makami a hannu, mamakin yadda take kashe bakteriya ba zai kai masa mamakin yadda take ƙyale mai ita ba.

Harshen da ake ba da umarni da shi a cikin ƙwaya an fara fahimtarsa ne a wani fage da bai shafi kumburi ba ko kaɗan. A tsakiyar shekarun 1950, a Jami'ar Washington da ke Siyatil ta Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs suna bincike a kan tsokar zomo, suna neman yadda ake tayar da enzayim ɗin da ke warware sukarin da aka adana a tsoka, sai suka gano cewa ana tayar da shi ne ta hanyar liƙa masa wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet, ana kuma kwantar da shi ta hanyar cire guntun. Mai liƙawa shi ake kira kinas, mai cirewa kuma fosfatas; sai a 1992 aka saka musu da lambar Nobel, a 2002 kuwa aka ƙidaya kinas 518 masu aiki a kan furotin a jikin ɗan Adam. Hikimar wannan tsari a fili take, domin ba sai an ƙera sabon furotin ba kafin ƙwaya ta sake hali, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Kinas ɗaya yana tayar da masu yawa, su ma su tayar da wasu, kamar yadda shelar sanƙira ɗaya ke cika gari. Kuma, wannan shi ne jigon maganata, duk abin da aka liƙa ana iya cire shi.

Mu bi ƙwayar daga inda Cohnheim ya gan ta. Idan nama ya ji rauni, bangon ƙananan jijiyoyin da ke kusa yakan fito da wasu ƙugiyoyi da ake kira selektin, ƙwayar ta riƙa kamawa tana saki, tana mirginawa a hankali alhali jini na wucewa ta kanta da gudu. Tana cikin mirginawar sai ta ci karo da sinadarin kira, wato kemokin, wanda aka shafa a jikin bangon, saƙo ya shiga ciki, nan take wani furotin na tantaninta mai suna integrin, wanda yake a durƙushe kamar raƙumin da aka gurfanar, ya miƙe tsaye ya damƙi bango, ƙwayar ta tsaya cak. Sai dai integrin ba shi da bakin magana na kansa, aro yake yi. Wasu kinas uku 'yan gida ɗaya, Hck da Fgr da Lyn, na dangin Src, su ne ke liƙa fosfet a kan wasu furotin da ke kusa da shi, wurin da aka liƙa ya zama mazaunin wani kinas mai suna Syk, shi kuma da ya zauna sai ya isar da umarni cewa ƙwayar ta baje, ta fasa jakunkunanta, ta kunna wutarta. A 2002 Attila Mócsai da Clifford Lowell, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, suka nuna cewa nutrofil ɗin ɓeran da aka cire wa Syk ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka idan ta manne ta hanyar integrin, amma duk da haka tana iya tafiya ta isa wurin kumburi. Wannan natija tana da nauyi a wurina, domin ta tabbatar da cewa umarnin tafiya daban, umarnin faɗa daban, kuma la'alla wata rana a iya kwance wa ƙwaya ɗamara ba tare da an karya mata ƙafa ba.

Abin da rashin wannan damƙa ke haifarwa kuwa likitocin yara sun san shi, ko da yake nadiri ne. A al'adarmu cibiyar jariri kan faɗi kafin suna ko jim kaɗan bayansa. Amma akwai jaririn da ake haifa da naƙasa a integrin, ko a furotin ɗin da ke miƙar da shi daga ciki, sai a yi wata cibiyarsa ba ta faɗi ba, gindinta ya ruɓe, a duba ba a ga ɗigon mugunya ba, a auna jininsa a tarar nutrofil ta cika shi maƙil. Runduna tana nan, ƙofar fita ce ba ta da ita.

Da ƙwayar ta fita daga jijiya sai mas'alar alƙibla ta taso, mas'ala ce kuwa mai wuya, domin tsawonta kimanin kashi 1 cikin 100 na milimita ne, bambancin yawan sinadarin kira tsakanin goshinta da ƙeyarta kuma yakan zama kashi 1 ko 2 cikin 100 kacal, amma da wannan ɗan bambanci take gane gabas da yamma. A 1988 rukunin Lewis Cantley suka bayyana wani kinas mai suna PI3K, wanda shi a kan kitsen tantanin ƙwaya yake liƙa fosfet, a wannan shekarar kuma Alexis Traynor-Kaplan da abokan aiki suka ga wani kitse mai fosfet uku, wanda ake kira PIP3, yana bayyana a cikin nutrofil jim kaɗan bayan an tayar da ita. Wannan kitse a goshi yake taruwa, yana kiran furotin masu gina ƙafar tafiya. A gefe da baya kuwa fosfatas biyu, SHIP1 da PTEN, suna bi suna share shi, don kada ƙwayar ta yi goshi biyu ta rasa inda za ta nufa. Wanda ya taɓa kallon ƙwayar da aka sa wa alama mai haske a kan wannan kitse ba zai manta ba: ana kawo bakin siririn bututun da ke ɗigar da sinadarin kira, sai goshinta ya haskaka ta nufo shi tana jan jiki, idan kuma aka ɗauke bututun aka mayar bayanta, ko dai ta yi kwana, ko hasken ya mutu a goshi ya kunno a ƙeya, ƙeyar ta zama goshi.

A 2000 rukuni uku suka wallafa a mujallar Science cewa ɓerayen da aka cire wa nau'in PI3K da ake kira gama, nutrofil ɗinsu ba ta isa wurin kumburi yadda ya kamata, mutane da yawa kuma suka ɗauka an gama da mas'alar. A ganina an yi gaggawa, domin bincike na baya ya nuna cewa a wasu halaye ƙwayar tana samun hanyarta ko babu shi. Rukunin Paul Kubes, a Kalgari ta Kanada, suka nuna a 2002 cewa kiraye-kirayen ma suna da darajoji: kiran da ke fitowa daga naman jiki, wanda ke nuna unguwar da abin ya faru, ta PI3K yake bi, kiran da ke fitowa daga bakteriya kanta kuwa ta wani kinas mai suna p38 yake bi, kuma idan suka haɗu na biyun ne ke rinjaye, kamar yadda nassi ke rinjayar ƙiyasi. Ta haka ƙwayar ba ta tsayawa a bakin unguwa, sai ta isa ƙofar gidan.

Makamin da ya fi kowanne haɗari shi ne wani enzayim da ake kira NADPH oksidas, kuma yadda aka ajiye shi kaɗai ya isa hujja a kan abin da nake faɗa. A warwatse yake, yanki biyu a jikin tantani, uku a cikin ruwan ƙwaya tare da wani ɗan furotin mai suna Rac, kamar maharbin da ya ajiye bututun bindiga a ɗaki, kunamarta a wani ɗaki, albarushi a rumbu. Sai kinas na dangin PKC sun liƙa fosfet a wurare da dama a jikin yankin da ake kira p47, sa'an nan ya buɗe, ya kwashi 'yan'uwansa ya kai su tantani, bindigar ta haɗu. Daga nan ake mayar da iskar oksijin guba, gubar ta zama haidurojin feroksaid, wani enzayim mai launin kore kuma ya mayar da ita irin sinadarin da ke cikin ruwan bilic na wanki. Koren da muke gani a mugunya da kakin mai ciwon ƙirji launin wannan enzayim ne. Galibi kuma kira ɗaya bai isa ya sa ƙwayar ta kunna wutar da ƙarfinta duka ba, sai wani saƙo ya riga ya shirya ta, na biyu ya tabbatar, kamar alƙalin da ba ya zartar da hukunci mai nauyi da shaida ɗaya. Yaran da aka haifa ba su da wannan makami, cutar da aka fara siffantawa a Amurka a shekarun 1950, suna fama da maruru a hanta da huhu da cututtukan fumfuna. Abin lura kuma, suna fama da kumburin hanji da dunƙule-dunƙulen nama da ba sa lafawa, wanda ke nuna cewa makamin da ke kashe maƙiyi yana da hannu wajen sanar da cewa yaƙi ya ƙare.

Yanzu na iso ga waɗanda na ce an tauye haƙƙinsu. A 1965, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, aka haifi wasu ɓeraye masu gashi faci-faci kamar tufar da asu ya ci, da wannan siffa ma aka sa musu suna; fatarsu cike da ƙuraje, huhunsu cike da nutrofil da wasu fararen ƙwayoyi masu suna makrofaj, suna mutuwa cikin 'yan makonni. Sai a 1993 aka gano illar: fosfatas ɗaya tak suka rasa, mai suna SHP-1. Babu wani kinas da ya ƙaru a jikinsu. Mai cirewa ne kawai ya faku, rundunar ta juya ta cinye ƙasarta. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne Lyn, wanda muka ambata a cikin masu tayar da ƙwaya, shi ne kuma ke liƙa fosfet a kan wasu masu karɓar saƙo na hani, wurin ya zama mazaunin SHP-1 da SHIP1, har ɓerayen da aka cire wa shi suna ƙarewa da cutar da jiki ke yaƙar kansa. Hannun da ya saki linzami shi ne ke jan sa. Maƙiyi ma ya yi shaida a kan wannan. Bakteriyar annobar da Larabawa ke kira ɗa'un, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye, tana da wata allura da take soka wa farar ƙwaya ta ɗura mata furotin, ɗaya daga cikinsu kuwa, YopH, Kun-Liang Guan da Jack Dixon suka nuna a 1990 cewa fosfatas ne, mai tsananin sauri, wanda ke bi yana goge umarnin haɗiya kafin ƙwayar ta rufe baki.

Masu haɗa magunguna sun shiga wannan fage da babban buri, abin da suka samu kuwa ya haɗa da daɗi da ɗaci. An gano p38 a 1994, aka ƙera masa magungunan toshewa masu yawa, aka gwada su a kan masu amosanin gaɓɓai, alamun kumburi a jini suka sauka da farko, bayan 'yan makonni suka dawo, wasu magungunan kuma suka taɓa hanta, har yau babu ɗaya da aka amince da shi domin wannan cuta. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai cewa p38 da kansa yana kunna wasu hanyoyin kashe wuta, wanda ya toshe shi ya toshe su tare. Kinas na dangin JAK, waɗanda ke isar da saƙon sinadaran da fararen ƙwayoyi ke aika wa juna, sun fi ba da haɗin kai: an amince da tofacitinib mai toshe su a Amurka a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da baricitinib ga masu tsananin korona a farkon 2022. Amma kowanne da farashinsa, domin masu shan irin waɗannan magunguna ƙwayar ƙarambau da ta kwanta a jijiya takan farka musu, tarin fuka da ya yi barci ma yakan tashi, wanda kuwa ba ƙaramin sharaɗi ba ne a ƙasashenmu, a 2021 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi a kan zuciya da daskarewar jini da ciwon daji. Ina roƙon a lura da tsohon maganin nan mai araha, deksametason, wanda gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin uku: wani sashe na aikinsa shi ne sa ƙwaya ta ƙara ƙera wani fosfatas mai suna DUSP1, wanda ke cire fosfet daga jikin p38. Mun daɗe muna ƙarfafa masu kwancewa ba mu sani ba. Abin da ya rage shi ne a yi shi da sani, ko da yake tayar da enzayim da magani ya fi toshe shi wuya nesa ba kusa ba.

Wani zai ce wannan duk ilimin ɓeraye ne a ɗakunan Turawa. Jawabina shi ne sikila. Ana ƙiyasta cewa a Nijeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin yara lokacin hunturu ya san kukan yaron da jini ya toshe masa a ƙashi, uwarsa tana riƙe da ƙafarsa ta rasa inda za ta taɓa. Mun saba ɗora laifin duka a kan jar ƙwaya mai siffar lauje. Amma a 2002 rukunin Paul Frenette a Niyok suka leƙa cikin jijiyoyin ɓeraye masu sikila suna raye, suka ga fararen ƙwayoyi ne ke fara mannewa a bango, sa'an nan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa har hanyar ta cushe. Likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan fararen ƙwayoyi a jinin mai sikila alama ce ta tsanani, kuma haidiroksiyuriya, wadda aka gwada a Kano da Kaduna domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, tana rage yawan nutrofil bayan ƙara jinin tayi da take yi. Ga kuma wata mas'ala tamu ta kanmu: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin ɗin Duffy a kan jajayen ƙwayoyinsu, wanda shi ma mai kama kemokin ne, kuma wannan gado yana tafiya da ƙarancin nutrofil a gwajin jini ba tare da wata cuta ba, alhali ma'aunin da ke rubuce a takardun gwajinmu galibi daga jinin wasu al'ummai aka ɗauko shi.

Shawarar da nake ajiyewa a gaban wannan zama ita ce a auna, a cikin nutrofil ɗin yaranmu masu sikila, yawan fosfet da ke jikin Syk da p38 da ƙarfin aikin SHP-1, lokacin da yaro yake lafiya da lokacin da ciwon ya tashi, kafin fara magani da bayan farawa. Na'urar da ke ƙidayar ƙwayoyi da hasken leza, irin wadda aka shigo da ita asibitocinmu domin masu cuta mai karya garkuwar jiki, wasu nau'o'inta suna iya wannan aiki idan an sami sinadaran alama. Nutrofil kuwa ba ta jure daskarewa, ba ta jure doguwar tafiya, girgiza kwalba kaɗai tana iya tayar da ita ta sake hali. Wajibi ne a yi aiki da ita, ko a tsayar da ita da sinadari, cikin 'yan sa'o'i da ɗibar jinin, a ɗakin da ke kusa da gadon yaron.